Jeren da Muka Yi wa Tsohuwar Baƙona

Baƙin sun iso ƙauyenmu da bazara, ana ta kallon gabas ana jiran ruwan shuka, shekaru kaɗan bayan Turawa sun naɗe tutarsu sun bar mana ƙasar mu ji da ita. Ƙauyen yana gefen Kurmin Kogi, a ƙasar Ikara. Ba zan faɗi sunansa ba, domin jikokin matan da zan ba da labarinsu suna nan da ransu, kuma har yanzu wasunsu suna aiko mini da kunu.

Magidanci ne dogo, da matarsa, da 'ya'ya ƙanana biyu, da mahaifiyarsa a kan wani jaki da ya fi su duka gajiya. Daga arewa suka fito, bayan iyaka, ƙasar da Faransa ta riƙe. An yi rikicin siyasa a can, sojoji na bin ƙauyuka suna neman waɗanda suka taɓa yi wa wata jam'iyya tafi, shi kuwa mutumin, ga alama, tafinsa ya yi ƙara. Ban tambaye shi ba. A wurinmu ba a tambayar baƙo abin da ya koro shi. Sai dai ka jira ya faɗa da bakinsa, ko matarsa ta faɗa wa matarka, wanda shi ya fi sauri.

Yanzu rediyo na kiran irinsu 'yan gudun hijira. Mu a lokacin baƙi muka sani, kuma baƙo ƙofar mai unguwa yake fara tsayawa, a ba shi ruwa, sannan mai unguwa ya duba gidan da ke da ɗaki a rufe. Gidana ya faɗo masa a rai, saboda wana ya sami aikin reluwe a Zariya ya kwashe iyalinsa, ya bar ɗakuna biyu kaji na sarauta a ciki. Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya fi na farko nauyi: ni ne ɗan bokon garin. Na yi elemantare a Ikara har zuwa ranar da malam ya shigo da lissafin rabawa, a nan ni da boko muka yi sallama cikin mutunci, ba wanda ya zagi wani. Duk da haka ina karanta sunan gari a goshin mota, ina kuma iya yi wa Bature barka da asuba da yarensa, ko da la'asar muka haɗu. Mai unguwa ya ga tunda mutanen daga ƙasar waje suke, to a kai su wurin mai ilimin ƙasashen waje. Na gyara murya na tare su a zaure. Da mutumin ya buɗe baki sai ga Hausa zalla, ta ma fi tawa tsufa. Ilimina ya koma aljihu.

Saukar baƙo a garinmu ba aikin mutum ɗaya ba ne, ko da a gidan mutum ɗaya ya sauka. Samari suka yi gayya suka sake baibaye ɗakunan. Da yamma abinci ya riƙa shigowa daga gidaje, wannan tuwo, wancan dambu. Mai unguwa ya ara masa wata gona da ta huta a bayan gari, wani ya ba da iri, wani ya ba da fartanya. Mu dawa muke nomawa, mu ɗan tsarma gero a tsakani don tsallake yunwar damina. Baƙona ya ce shi gero zalla zai shuka. Dattawa suka yi masa bayani mai tsawo, ya saurara da ladabi, ya yi godiya, ya je ya shuka geronsa.

Ita kuwa tsohuwar, tunda aka sauko da ita daga jaki aka shigar da ita ɗakin kudu, ba ta wuce bakin ƙofarsa ba. Tana da gyambo a ƙafar hagu, ƙaya ce ta fara shi a hanya, tafiya ta ƙarasa. Kafin su zo mana sun sauka a garuruwa da dama, ko'ina sai su ɗan zauna a ce musu su ƙara gaba. Da maza ba ta wuce gaisuwa, amma matata ta ce a cikin gida ba abin da ke wuce ta, daga inda take zaune ta san gidan da kowane kwano ya fito tun ba a buɗe shi ba.

Ana tsakiyar damina, an gama noman farko ana na biyu, jakadan hakimi ya zo a kan keke, laka har gwiwa. Saƙon da ya kawo shi ne hukuma ta buɗe masauki guda a birni, kuma duk baƙin da suka tsallako iyaka, a kowane ƙauye suke, can za a tara su. Akwai rufin kwano, akwai likita, akwai bargo, akwai hatsi. Washegarin kasuwar Ikara wani malamin ofis zai zo da babbar mota, ya duba yadda aka sauke baƙin, ya kwashe na kwashewa. Jakada ya sha fura ya hau kekensa, ya bar mu da zancen.

Bayan la'asar aka zauna gindin tsamiya. Wani maƙwabcina tsohon soja, wanda ya yi yaƙin Turawa ya dawo da bargo da agogo da tari, shi ya fara. Ya ce a bar su su tafi. Ya ce ya ga allura da idonsa, ya ga gyambon da ya fi na tsohuwar nan muni ya rufe kamar ba a yi ba. Ya ce a irin wannan masauki ne waɗanda gudu ya raba suke ganin juna. Sannan ya tambaya, mu da muke wannan cika baki, wa zai buɗe rumbunsa a leƙa a wannan wata? Tambayar ta soki kowa, domin kowa ya fara jin hannunsa na taɓa ƙasan rumbu. Mai unguwa kuwa abin da ya dame shi daban ne. Ya ce idan mota ta zo ta kwashe baƙi daga garinsa, gobe a kasuwa mutanen Malikanchi za su ce mun kasa riƙe baki biyar, biyu ma daga ciki na yara ne. Liman ya ce duka biyun sun faɗi gaskiya, ya nemi a yi addu'a.

Aka juyo wurina, a matsayina na wanda ya taɓa zama a kan benci. Na bayyana musu cewa hukuma ba ta ganin abu sai an jera shi a layi. Mutum kaɗan a nan, kaɗan a Gazara, kaɗan a wani lungu, wannan a idon hukuma ba jama'a ba ce, hatsi ne da ya zube a hanya, sai an share shi an tara wuri ɗaya sannan ta san abin da za ta yi da shi. Kowa ya gyaɗa kai, har kurman da ke cikinmu.

Baƙona yana zaune a gefe yana sauraro kawai, domin baƙo ba ya tsoma baki a shari'ar kansa. Sai washegari a gona, da muka tsaya shan ruwa, ya gaya mini abin da ke ransa. Ya ce ba geronsa yake ji ba, ko da yake geron ya fara ciki. Ya ce tun da labarin motar ya shiga cikin gida tsohuwa ta juya fuska ga bango, ko kunu sai da lallashi. Ya san ƙafar tana bukatar likita, ya sani sarai. Ya kankare laka daga fartanya, sannan ya ce, "Maigida, idan aka ɗora ta a motar nan, ban san abin da za a sauke a birni ba."

To, a nan ne hikimar garinmu ta tashi. Mai unguwa ya riƙe kalmar jakada cewa malamin zai duba yadda aka sauke su. Ya yi lissafinsa: idan malam ya ga an sauke su da kyau, zai bar su. Idan kuwa ya bar su, ai rabonsu na bargo da hatsi ba zai koma da shi ba, nan zai sauke. Ka ga tsohuwa ta zauna, gari ya fita kunya, buhu ya shigo. Lissafin ya yi wa kowa daɗi, shi ya sa ba wanda ya sake duba shi.

Kafin magariba zancen ya tsallaka katanga ya isa wurin mata, ya faɗa hannun goggona, ƙanwar mahaifina. Ita ce mai jeren garin. Ba amaryar da aka kai ɗaki a ƙauyen nan goggo ba ta tsaya a kan jerenta ba, tana nuna inda kowace tasa za ta zauna. Kuma ga yadda abin yake a wurinmu: idan kayan iyayen amarya ba su cika ɗaki ba, maƙwabta ke kawo nasu aro, a jera su tare, 'yan ganin ɗaki su zo su gani su yaba, bayan ƙafa ta ɗauke kowa ta zo ta zare nata a hankali. Kowa ya san da aron, har masu yabon, amma ba a taɓa jin wanda ya faɗa ba.

Goggo ta shigo gidana ta tsaya bakin ɗakin tsohuwa ta ƙare masa kallo: tabarma ɗaya, tukunya, ƙwarya mai ɗinki, da ƙullin tsummoki a lungu. Ta fito ta same ni a zaure ta tambaye ni ko haka nake nufin namiji ya taso tun daga birni ya ga ɗakin mace a gidan ɗan wanta. Na fara yi mata bayanin yadda hukuma take aiki. Ta ce in ajiye bokona in je in nemo farar ƙasa.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba, ko a auren 'yar mai unguwa. Aka yi daɓe, aka shafe bango. Mata suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da abu a ƙarƙashin mayafi. Tasoshin tagulla, kwanuka masu murfi masu zanen fure, faya-fayai, ƙoren da aka yi wa zane, madubi. Wadda ta ga maƙwabciyarta ta kawo biyu sai ta koma gida ta ƙaro. Matar liman ta aiko da fitilar ƙwai. Tsohon soja, wanda jiya yake cewa a bar su su tafi, da ya ji an ce kowane gida ya sa hannu sai nasa, ya aiko da bargonsa da agogon, wanda ya tsaya tun ina saurayi. Goggo ta dubi aikin ta ga saura abu ɗaya. Ita kaɗai ce mai gadon ƙarfe a garin, ɗanta mai fataucin mazarƙwaila daga Makarfi zuwa Kano ya saya mata. Ta ce a ɗauko. Gadon ya ƙi shiga ƙofa, sai da aka kira maƙeri ya kwance shi, ya sake ɗaura shi a ciki, ƙusa ɗaya ta yi saura har yau ba a san mazauninta ba.

Aka sa wa tsohuwa zanen aro da ɗankwalin aro, aka ɗaga ta aka ɗora a kan gadon. Matata ta ce tsohuwar ta riƙe ƙarfen da hannu biyu, ta ce abin yana motsi kamar kwalekwale, ta tambaya ko an tabbata mutane na kwana a kansa da son ransu. Matar baƙona kuwa tana tsaye a tsakar gida, goyo a baya, tana kallon dukiyar da ta wayi gari da ita, ta rasa ko godiya za ta yi ko kuka.

Ranar da aka faɗa motar ta zo, amma ta tsaya a bakin fadama don direba ya ƙi jefa ta cikin laka. Muka hango buhuna a bayanta, da wasu baƙin da aka riga aka ɗauko daga ƙauyukan gaba suna zaune a kai. Malamin ya ƙaraso da ƙafa, ya naɗe wando, takalmi a hannu. Saurayi ne siriri, bai kai ni shekaru ba. Na matsa gaba na yi masa barka da asuba da Turanci, ya dube ni ya ce, "Lafiya lau, Malam, ina gajiya?" Ya durƙusa ya gaida mai unguwa da liman gaisuwa mai tsawo, ya tambayi ruwa, ya tambayi shuka, ya tambayi iyali. Tun a nan na fara zargin wannan ba a birni aka yanke masa cibiya ba.

Da yake baƙon namiji ba ya shiga cikin gida, an riga an kwashe mata zuwa gidan maƙwabta, inda kowace ta sami rami a danga ta sa ido. Goggo kaɗai ta ƙi fita, ta ce ita ta wuce shekarun ɓuya. Na yi masa jagora, baƙona na biye. Ya yi sallama ya sunkuya ya shiga, ya miƙe, ya tsaya.

Kwanuka sun hau bango har sun kusa taɓa jinka. Hasken ƙofa na dukan tagulla yana dawowa ido. Agogo na rataye yana nuna lokacin da ya ga dama. A tsakiyar wannan daula ga tsohuwa a kan gadon ƙarfe, lulluɓe da bargon soja, ta ƙanƙame ƙarfe kamar mai tsallake kogi. Malamin ya daɗe yana kallo. Ya tambaya a hankali ko kayan na wane ne. Goggo ta ce na ɗakin ne. Ya ɗauki wani kwano ya juya gindinsa, ga ɗigon jan fenti. Ya ɗauki na kusa da shi, ga zanen ƙusa. Kowane gida da alamar da yake yi wa kayansa don kada su ɓace a biki. Ya mayar da su daidai inda ya ɗauko, har ya gyara wa ɗaya zama. Goggo ta dubi jinka.

Sai ya durƙusa gaban gadon ya gaida tsohuwa, ya nemi ta nuna masa ƙafar. Ya duba, fuskarsa ta canja. Ya ce, "Iya, ba zan ɓoye miki ba, ƙafar nan tana son likita. A can akwai shi kullum. A nan babu."

Sai a lokacin na lura, duk zaman da aka yi a gindin tsamiya da duk hidimar da aka sha, ba wanda ya tambayi tsohuwar nan da bakinta. Ta saki ƙarfen da hannu ɗaya ta gyara ɗankwalin aro.

Ta ce, "Ɗan nan, tun daga garinmu ake ɗaga ni ana ajiyewa kamar tulu. Duk inda na fara gane hanyar bayan gida sai a ce tashi. Nan na san muryar kowace mace, na san wadda za ta leƙo da safe ta ce Iya kin tashi. In ƙafar kuke so, ku tafi da ita. Ni ina nan."

Malamin ya sunkuyar da kai, ban sani ba ko dariya yake ɓoyewa ko wani abu. Ya dubi baƙona, baƙona ya dubi ƙasa. Malamin ya ce mata Allah ya ba da sauƙi, muka fito.

A zaure, gaban mai unguwa da liman da tsohon soja da duk wanda ya sami wurin tsugunawa, ya faɗi hukuncinsa. Ya ce an aiko shi ya ɗauko waɗanda ba su da wurin sa kai. Wadda ya gani yanzu ɗakinta ya fi wanda shi yake haya a birni, kuma zai faɗi haka a ofis ba tare da ya yi ƙarya mai yawa ba. Ya ƙara da cewa mahaifiyarsa mutuniyar wajen Kudan ce, yana yaro ya sha ɗaukar kwanukan biki a ka daga wannan gida zuwa wancan, don haka ya san aikin hannu mai kyau in ya gan shi. Daga bayan danga aka ji wata ta yi tari.

Mai unguwa ya yi godiya, ya yi addu'a, sannan ya gyara rawani ya tambaya, cikin dabara, ko samari su je bakin fadama su taya sauke rabon baƙin, kada a wahalar da direba.

Malamin ya ce, "Ranka ya daɗe, garin da ke sauke baƙi a kan gadon ƙarfe, ni ne zan kawo masa dawa?"

Sannan ya bar wasa ya yi bayani. Duk abin da aka tanada don baƙi, a masaukin birni ake raba shi, ko mudu ɗaya ba ya fita, domin in aka ce a bi ƙauyuka da shi, rabi a hanya zai ƙare. Buhunan da muka hango na waɗanda ke cikin motar ne. Wanda ya zauna ya zauna a hannun garinsa. Don haka yana so ya ji, a gaban shaidu, wa zai riƙe mutanen nan har kaka. In babu, mota na jira, kuma ba abin kunya ba ne.

Tsohon soja ya dubi mai unguwa da irin kallon wanda ya faɗa tun farko. Mai unguwa ya dubi liman, liman ya dubi carbinsa. Bayan an cika ɗaki da tagulla har jinka, da wane baki za a ce babu? Mai unguwa ya ce, "Mu ne." Ya faɗe shi kamar mai haɗiye maɗaci, amma ya faɗa.

Muka raka malamin bakin fadama, muka tsaya muna kallon buhuna suna tafiya. Ya yi alkawarin zai yi wa mai ba da magani na Ikara magana, ya riƙa biyowa in ya fito zagaye a kan keke. Ya kuwa cika. Mutumin ya zo, ya wanke gyambon ya shafa wani shuɗin magani, ya sake zuwa bayan an ɗauke ruwa. Ƙafar ta yi sauƙi, amma ba ta taɓa rufewa duka ba, kuma ba zan ce likitan birni ba zai rufe ta ba. Daga baya ma muka ji wata mata cikin waɗanda motar ta ɗauka ta tarar da mijinta a masaukin, bayan ta riga ta fara yi masa takaba. Tsohon soja ya tabbatar kowa ya ji wannan labari, wasu sau da yawa.

Mu dai aka bar mu da baki biyar da rumbuna masu amsa kuwwa. Maza muka koma gindin tsamiya muka tattauna yadda za a yi, muka tashi a kan za a sake zama. Baƙona ya riƙa zuwa ƙwadago gonakin rake wajen Makarfi, amma abin da yake samowa bai kai ya kawo ba. A gidana tuwo ya fara raguwa, rama da tafasa suka ƙaru, har na fara yi wa matata bayanin amfanin ganye ga jiki kafin ita ta yi mini.

Kayan jere kuwa suna nan a ɗaki. A biki, kowa na zuwa ta zare nata. Amma wannan karon ba wadda ta yarda ta zama ta farkon da za a gani tana fitowa da kwano daga ɗakin baƙuwa mai ciwo. Mata suna dafa abinci a fasassun tukwane, kayansu masu kyau na gidana suna ƙyalli. Sai matar baƙona, wadda kunyar riƙe kayan mutane ta dame ta, ta ɗauki kwano ɗaya ta kai wa mai shi da kanta, ta durƙusa ta yi godiya. To a wurinmu wanda ya tako ya dawo maka da kayanka ba ka barinsa ya koma hannu wofi, balle baƙuwa mai goyo. Ta dawo da dawa a bakin zane, da ɗan ƙullin kuka.

Ban san ko ita ta gano abin ko matata ce ta raɗa mata ba, na tambaya an ce ba ruwan maza. Abin da na gani dai shi ne ba ta mayar da kayan rana ɗaya ba. Sai hatsi ya ƙare a tukunya sannan kwano ɗaya ya sauko daga bango ya tafi gidansu. Jere ya riƙa raguwa daga sama, a hankali, kamar yadda rumbu ke raguwa. Matan da suka kawo kwano ɗaya suka fita da sauƙi. Waɗanda suka koma gida suka ƙaro don kada maƙwabciya ta fi su, su suka ga baƙuwa a ƙofarsu sau da yawa, kullum da ladabi, kullum da kwano ɗaya tak. Akwai wadda aka ji tana cewa ta yafe sauran, a riƙe. Matar baƙona ta ce Allah ya kiyaye ta da cin kayan aro, ta ci gaba da kawowa. Tsohon soja ya karɓi agogonsa ya ba da masara, ya ce bargon a bar wa tsohuwa sai sanyi ya wuce, bai faɗi na wace shekara ba.

Haka muka lallaɓa har geron baƙona ya nuna, kafin dawar kowa. Dattawan da suka yi masa bayani mai tsawo suka zo suka taya shi yanka, ba wanda ya tayar da tsohon zance, shi ma bai tayar ba, sai dai ya aika wa kowannensu da dami.

Ɗakin kudu ya koma yadda yake, tabarma da tukunya da ƙwarya mai ɗinki. Ban da bargon soja, abu ɗaya ya rage, gadon ƙarfe. Shi ba ya shiga ƙarƙashin mayafi, kuma matar baƙona ba za ta iya kai shi ba tunda da mutum a kai. Tsohuwa, wadda da farko ta ce kwalekwale ne, yanzu ta saba, har tana cewa ƙafar ta fi lafawa in tana sama. Goggo ta koma kwana a gadon kara, ta kuma tabbatar duk garin ya san halin da bayanta ke ciki. Ta same ni ta ce in yi magana, tunda gidana ne kuma ni ne mai ilimi. Na ce mata wannan shari'a ta fi ajin da na kai.

Rannan da hantsi ta shirya ta zo da kanta, da ƙwaryar fura a hannu don kada a ce karɓar kaya ta zo. Ina gyaran danga a kusa, ina jin su. Suka gaisa, suka taɓa zancen kaka, suka taɓa zancen ƙafa. Goggo ta yabi sabuwar tabarmar da aka saƙa wa tsohuwa, ta ce irin wannan ai ta fi kowane gado daɗin baya, ita da za ta samu da ta more. Tsohuwa ta ce to ta ɗauka, ta ba ta. Goggo ta sake zagayowa, ta ce ƙarfe da sanyin hunturu ba ya yi wa tsofaffi kyau, ga shi an ce bana za a yi sanyi.

Tsohuwa ta kurɓi fura ta ajiye ƙwaryar a gefenta, a kan gadon.

Ta ce, "'Yar'uwa, hukuma da motarta ta zo ba ta ɗaga ni ba. Zauna nan gefe, akwai wuri."

Na ji gadon ya yi ƙara. Goggo ta zauna.